Na ba 'yata Ruwan Bagaja, ta dawo min da shi bayan kwana biyu

Malam Bala U/Dosa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu ne ya faru a gidana makon jiya, har yanzu yana min kai-kawo a rai. 'Yata ta biyu, wadda ke aji biyar na sakandare, ba ta da aiki sai karatun littafi a waya. In an ɗauke wuta za ka hango hasken wayar uwarta a ƙarƙashin mayafi har sha biyun dare. Ban hana ta ba, don ni ma a shekarunta da fitilar ƙwai nake karatu, kakata tana ta faɗan kananzir. Sai na ce bari in ɗanɗana mata na gaske. Na buɗe akwatin ƙarfe na zaro Ruwan Bagaja, wanda na saya tun ina makarantar horon malamai, bangonsa har ya yi laushi kamar tsumma. Na ce ungo, in kin gama ki zo mu yi hira.

Kwana biyu ta dawo min da shi. Ta karance shi tas. Ta ce Malam Zurƙe ya ba ta dariya, amma "Baba, ni fa ba wanda na sani a ciki." Na ce kamar yaya? Ta ce duk yawo ne daga wannan gari zuwa wancan, wannan ya cuci wancan, wancan ya rama, ba wanda ya zauna abu ya dame shi har ita ma ya dame ta. Wallahi na buɗe baki na rasa ta cewa. Shi ne na kawo ƙara nan. Yaran ne suka lalace, ko mu ne muke kambama tsofaffin littattafan nan don sun haɗu da ƙuruciyarmu?

Alhaji Garba Kawo:
Wa alaikumus salam. Malam Bala, kada ka bari yarinya ta rikita ka. Bakin da ya saba da alawar kanti ba ya gane zuma. Ni abin da ke ƙona min rai da rubutun wayar nan ba labarin ba ne ma, Hausar ce. Jikata ta taɓa miƙo min wani in duba, layi uku na karanta na mayar mata da abarta. Ba ƙa, ba ɗa, ba ɓa. An rubuta "baki sun cika daki", sai ka tsaya lissafi kafin ka gane baƙi ne suka cika ɗaki. "Ya ce" a haɗe, "za ta" a haɗe, rabin jimla Turanci. Abubakar Imam kuwa jimlarsa kamar ginin tubali take, in ka zare kalma ɗaya sai katangar ta girgiza. Ku buɗe Magana Jari Ce ko'ina kuka ga dama ku karanta a bayyane, za ku ji Hausa tana tafiya da ƙafarta. Shekara tamanin da ɗoriya ana karanta shi. A nuna min na waya guda ɗaya da za a tuna da shi baɗi war haka.

Maman Ilham:
Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, a zancen Hausa kam ba mai ja da kai. Amma a yi min haƙuri, yarinyar nan gaskiya ta faɗa, kuma ni na san abin da take nufi. Mu ma an karanta mana su Ruwan Bagaja da Ganɗoki a makaranta, mun haddace don jarrabawa, mun ci. Amma ranar da na fara ganin mutanen gidanmu a cikin littafi ita ce ranar da na karanta Alhaki Kuykuyo Ne na Hajiya Balaraba Ramat. Rabi da 'ya'yanta tara, miji yana da shago a kasuwa amma cefane ya gagara, ya kawo amarya, ƙarshe ita uwargidan ce aka kora da kayanta, ta koma sayar da abinci tana riƙe yara. Ina karantawa ina kallon gwaggona da ke zaune a ɗakin kakarmu a Tudun Wada tun da aka sako ta. Har tukunyar da take dafa shinkafa da wake ta sayarwa na dinga gani. A cikin tsofaffin nan wa ya leƙa madafa? Wa ya san abin da mace take ji ranar da aka shigo da lefen kishiya? Maza ne suka rubuta, maza suke yawo a ciki, mata sai dai a aure su ko a sace su.

Alhaji Garba Kawo:
'Yata, ai littafi ba madubi ba ne da dole sai kin ga fuskarki a ciki.

Maman Ilham:
Haka ne Baba. Amma ku da kuka daɗe kuna ganin taku fuskar ba za ku san daɗin ba.

Malam Nura (mai koyar da Hausa):
Ina ta bin ku shiru, bari in sa baki. Da farko mu daina ɗaukar littattafan nan kamar daga sama suka sauko. A 1933 ne Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya zaga yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, don an koya wa mutane karatu amma ba abin karantawa. Daga wannan yunƙuri aka sami biyar ɗin da muke ta ambato: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Malam Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi da John Tafida ya rubuta tare da East kansa. Ku lissafa shekarun Imam a lokacin. An haife shi 1911, wato yana ɗan 22, matashin malami a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ma sa'ansa ne. Galibi yara ne suka rubuta abin da muke kira na dattawa yau, kuma a wancan zamanin akwai malaman da suke ganin zama a ƙaga labari aikin banza ne, tatsuniya ce ta mata da yara.

Zancen aro kuma, da ake zagin na yanzu wai suna kwashe finafinan Indiya, Imam ma ya yi aro, kuma bai ɓoye ba. Rigimar Alhaji Imam da Zurƙe a cikin Ruwan Bagaja tana da ƙanshin Maƙamatul Hariri. Magana Jari Ce cike yake da labaran Alfu Laila da na Turawa. Kalalatu da ta cinye kajin baƙo ta haɗa shi tsere da mijinta, tushenta tatsuniyar Jamusawa ce. Abin da Imam ya iya shi ne ya ɗauko baƙo ya yi masa wanka, ya sa masa babbar riga da hula, har ka rantse haifaffen Kagara ne. Wannan ita ce gwanintar, ba rashin aro ba.

Amma babban abin da ya bambanta su da na yau, a ganina, ba basira ba ce. Suna da mai gyara. An ɗauko Imam daga Katsina ya zauna a Zariya wata da watanni yana rubuta Magana Jari Ce, East yana gefe yana dubawa, a soke, a sake. Bayan nan ga Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, ga Kamfanin Gaskiya, ga hukumar adabi ta Arewa, NORLA, ga kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, daga 1966. Duk rubutun da ya fita sai ya bi ta hannun wanda zai iya ce maka wannan shafin bai yi ba. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 kamfanonin suka ja baya, marubuci ya koma shi ne mai rubutu, shi ne mai gyara, shi ne mai kai wa ɗan kasuwa. Tun daga nan ba wanda ke riƙe jan biro.

Sale Mai Littattafai:
Malam Nura ka taɓo min inda ke min ƙaiƙayi. Ni a wannan sana'ar na tashi, wurin yayana, kusa da Kasuwar Bacci. Lokacin da su In Da So Da Ƙauna da Allura Cikin Ruwa suke tashe, haya muke bayarwa. Littafi sabo in ya zo daga Kano sai mun fara ɗinke shi da zare da basilla, mu liƙe bangon da salatif, in ba haka ba mako guda ya zama ganye. Akwai wani dogon littafin rajista da muke rubuta sunaye. Matan aure ba sa zuwa da kansu, yara suke aikowa da 'yar takarda a ninke: a ba ni na biyu, in babu a ajiye min. Wani littafin zai dawo da ɗigon manja, wani da shatin hawaye, wallahi ba ƙari. Wani kuma an yage shafin ƙarshe, mai karatu ta gaba ta aiko yaro da faɗa kamar ni na yaga. Yanzu rajistar tana nan a ƙasan kanta, ɓeraye sun ci gefenta. Tsofaffin na Zariya kuwa, gaskiya in faɗa muku, in ba jarrabawa ta matso ba ba mai tambayar su, sai jefi-jefi irin su Alhaji.

Ummu Haidar:
Assalamu alaikum iyayena. Ni ce dai 'yar wayar da ake ta yi da ita, gara in fito in kare kaina. Littafi huɗu na rubuta, duk a waya, da babban yatsa. Bayan sallar asuba kafin yara su tashi nake buga shafin ranar, in tura zaure kafin ƙarfe tara. In na makara kafin azahar saƙo ya fi hamsin, wata har da cewa ta kasa karyawa. Baba Alhaji, zancen ƙa da ɗa na karɓa, laifinmu ne, ni sai bara ma na san akwai allon rubutu na waya mai ɗauke da su. Amma a tambaye mu mana wa ya koya mana? A makarantar da na yi, in aka ji ka da Hausa tara ake cin ka. Yau kuma a ce ba mu iya rubuta ta ba.

Kuma ku sani ba wanda ya taɓa karɓar rubutuna ya ce zai duba min. Na taɓa zuwa wata maɗaba'a da na farkon, kuɗin da aka yanka min ko sadakina bai kai ba, kuma ko buɗe shi ba a yi ba balle a san me ke ciki. A waya kuwa mace ta turo ɗari biyar in sa ta a zaure, da shi nake sayen data har in yi wa yara kuɗin makarantar allo. Shi ma ɗin kafin in kai rabi wata ta kwafe ta watsa a wasu zaurukan kyauta.

Malam Nura (mai koyar da Hausa):
Ƙanwata, tsakani da Allah in tambaye ki. Littafinki na ƙarshe shafi nawa ya kai, kuma a shafi na nawa labarin ya ƙare a zuciyarki?

Ummu Haidar:
Kai Malam, ka kama ni. Ya kai 120. Ni a raina tun wajen 60 na gama, don na so matar ta mutu wurin haihuwa, a kan haka na gina shi tun farko. Da na ɗan nuna alama sai zaure ya kama da wuta. Wata ta ce in na kashe ta ba ta yafe kuɗinta ba. Sai na tashe ta, na kai su Dubai, na sa aka sace jaririn, na dawo da tsohuwar budurwar mijin. Ni kaina na san daga nan jan rai ne kawai.

Malam Nura (mai koyar da Hausa):
To kin ga abin da nake faɗa. Ke ma kina da mai gyara, sai dai naki su ɗari uku ne, kuma duk ƙari suke nema, ba mai cewa a rage. Da Tafawa Ɓalewa a zaure ya rubuta Shaihu Umar, da ba a bar uwar Umar ta mutu ba. Shi ya sa nake ganin amfanin gasa irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016. An ƙayyade kalmomi, dole ki zaɓi abin da za ki bari. Na ga marubutan waya da suka shiga, rubutunsu ya fito tsaf kamar ba su ba.

Abba Rigasa:
Ni fa ina ganin duk kun tsaya a wuri ɗaya. Adabin Arewa ya wuce nan. Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG ta dala dubu ɗari a 2016 da labarin wata bazawara Bahaushiya da ya rubuta da Turanci, an fassara shi zuwa harsunan Turai. Na je bikin littattafai na KABAFEST da aka fara a nan Kaduna a 2017, na ga marubuta daga ƙasashe daban-daban. Me zai hana masu basira su koma Turanci kawai duniya ta san da su?

Alhaji Garba Kawo:
Ɗana, duniya ta san da su, kakarka kuma fa? Wa zai karanta mata?

Maman Ilham:
Yau dai ga ni layi ɗaya da Baba Alhaji. Abba, shi littafin Balaraba da na ambata ai da Hausa ta rubuta shi, mu muka fara karantawa, sai a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci. Duniyar ce ta biyo shi gida. Kuma matar nan an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, da yaƙi da jahilci ta dawo ta kama biro. Da Turanci aka ce sai ta yi, da ba mu ji daga gare ta ba har abada.

Mai kula da zaure:
Jama'a zancen Turanci da Hausa a ajiye shi zuwa wani makon, ya ishi kansa muhawara. A koma kan tambayar Malam Bala.

Malam Nura (mai koyar da Hausa):
To Malam Bala, amsata a gare ka: ba yarinyar ce ta kasa ba, kai ne ka yi kuskuren zaɓe. Ruwan Bagaja littafin raha ne da wayo, an gina shi kamar hirar dandali, ba a yi shi don ya sosa zuciya ba. Mai neman wanda abu ya dama, Shaihu Umar za ka ba ta. Ka bar zancen malantar Umar, ka bi uwar. Mace ta baro gida neman ɗanta da aka sace, ita ma ta faɗa hannun masu cinikin bayi, aka ƙetara Sahara da ita, shekaru suna wucewa ba ta fasa ba, ta gan shi a ƙarshe ya zama mutum, ba ta daɗe ba ta cika. Kuma an faɗi wannan duka a 'yan shafuka, ba kururuwa, ba a tsaya ana roƙon ka ka yi kuka ba. Ko ka ba ta Jiki Magayi. Saurayi da budurwa suna son juna, mai kuɗi ya zo ya aure ta, saurayin ya shiga duniya neman abin da zai rama, ramuwar ta faɗa kan ɗan da aka haifa. Maman Ilham, kin ga soyayya da auren kuɗi suna cikin adabinmu tun zubin farko, ba 'yan Kano suka ƙirƙiro su ba.

Maman Ilham:
Na yarda Malam, amma ko a nan ɗin labarin saurayin aka bi, ita budurwar, Zainabu, ba a zauna a cikin ranta ba. Sai da aka jira har 1980, Hajiya Hafsatu Abdulwahid ta fito da So Aljannar Duniya daga gasar NNPC, kafin mace ta ba da labarin da bakinta. Shekara arba'in da wani abu ke nan ana magana a kanmu muna bayan labule.

Alhaji Garba Kawo:
Zancen uwar Umar da Malam Nura ya ɗauko ya tuna min wani abu. Muna aji shida malaminmu yake karanta mana shi duk ranar Alhamis, babi-babi. Ranar da aka zo wurin da ta rasu, sai ya rufe littafin ya fita waje ya daɗe. Mu muna zaton alwala ya je. Sai da na girma na ji cewa shi ma kakarsa a yaƙi aka kamo ta tana yarinya, har ta mutu ba ta sake ganin garinsu ba. To na ji, wataƙila shi ma fuskarsa ya gani. Amma Hausar waya dai ban janye ba.

Ummu Haidar:
Baba Alhaji, to ka zama East ɗina mana. In turo maka shafi goma na sabon da nake yi, ka sa jan biro yadda ka ga dama, ba zan yi fushi ba.

Alhaji Garba Kawo:
Ni ba na karatu a waya, idona ba ya ɗauka. Ki buga a takarda ki aiko. Kuma in na ga an hau jirgi zuwa Dubai a shafin farko, a nan zan tsaya.

Malam Bala U/Dosa:
Jama'a na gode, kwana biyu ban leƙo ba, ga dalili. Na karanta wa yarinyar abin da kuka rubuta, sai ta ce to mu yi musaya, ita ma ta ba ni nata. Ta tura min wani a waya. Na ce zan duba shafi biyu don kada ta ce na raina ta. Wallahi sai da na kai ƙarfe ɗayan dare, uwargida tana tambaya ko lafiya. Akwai wurin da aka nuna yarinya 'yar riƙo tana wanke tukwane a bakin rijiya da sanyin asuba, tana jin 'ya'yan gidan ana karo musu shayi, tana lissafin ko ƙanzo zai rage. Ba a ce tana baƙin ciki ba, an dai nuna yadda take kankare gindin tukunyar a hankali don kada ta gama da wuri a aike ta wani aikin. Wannan wurin ko Imam ya gani zai gyaɗa kai. Amma daga shafi na talatin sai ga wani matashi mai kamfani bakwai da jirgin sama nasa na kansa, ya gan ta a bakin titi ya rikice. Daga nan na yi barci.

Da safe na faɗa mata haka, ta ce ai ita ma daga nan tsallake take yi. Yanzu Shaihu Umar nake nema, nawa wani ya ara tun zamanin mulkin soja bai dawo da shi ba. Sale, kana da shi?

Sale Mai Littattafai:
Akwai guda biyu, amma gaskiya bugun 'yan kwafi ne, wasu shafukan sun dushe. Ka shigo bayan la'asar ka duba, in bai yi maka ba ka bari in sa a taho maka da mai kyau daga Zariya ranar Litinin.

Alhaji Garba Kawo:
Bar na kwafin nan, kada a fara yarinya da littafin da rabinsa ba ya karantuwa. Malam Bala, ka biyo ta Kawo bayan sallar Juma'a in ba ka nawa. Amma za ka sa hannu a takarda, kuma mako biyu na ba ka. Wanda ya ari Ganɗokina a 1994 yana cikin zauren nan yana karanta wannan saƙon, ya san kansa.